Shekarar da Muka Jira Ƙaho

Shugaban wannan taro, Baba Fasto da Mama, dattawan ikilisiya maza da mata, shugabar zumuntar mata, mawaƙa da masu kiɗa, malaman makarantar Lahadi, matasanmu da suka cika bayan ɗaki, baƙinmu daga sauran majami'u, maƙwabtanmu da suka shigo don zumunci, iyayena, yayyena da ƙannena: salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Ina gode wa Allah da ya tashe mu lafiya, ya kuma tara mu. Ina gode wa matan da suka share ɗakin nan tun da sassafe, da samarin da suka yi ta fama da lasifika har ta yarda ta yi magana. Ina kuma gode wa Baba Fasto, ko da yake har yanzu ban tabbata bai yi kuskure ba. Ranar da ya kira ni ya ce ni zan buɗe wannan mako na nazarin annabcin ƙarshen zamani, na ce masa, "Baba, ni mai tsaron sito ne a kantin kayan gini, karatuna a sakandare ya tsaya. Ƙusa da siminti na sani." Sai ya ce, "Ai ka iya jera kaya. Je ka jera mana, mu kuma mu zo mu buɗe kwalayen." Ya ɗora mini littattafansa a hannu, ya rufe ƙofa kafin in sami wata hujjar.

Ni mutum ne mai rubuce-rubuce. Tun ina sakandare nake rubuta abin da kowace rana ta zo da shi, har matata takan ce ko atishawa na yi sai ta shiga littafi. Wannan jawabin na rubuta shi na yaga, na sake rubutawa na sake yagawa. Inda na yi daidai, koyarwar iyayenmu ce. Inda na kauce, ku gyara mini, ba zan ji haushi ba.

Amma kafin in shiga jeri, bari in faɗa muku abin da ya sa na karɓi aikin. Na nemi izinin masu maganar, sun kuma ba ni.

Kun san yayata, wadda take aiki a ɗakin wanki na asibiti. Kun san 'yarta, wadda muke kira Likita tun tana ƙarama, saboda duk kazar da ta yi ɗingishi a gidanmu sai ta ɗaure mata ƙafa da tsumma. Likita tana makarantar ungozoma. A watan jiya sai ga ta a ƙofar gida da akwatinta, ba hutu ba, ba ciwo ba. Na je na same ta a tsakar gida tana riƙe da waya. Na ce, "Likita, lafiya?" Ta ce, "Kawu, ba ka kallon abin da ke faruwa ne? Yaƙi can, girgizar ƙasa can. Wani malami a wayar nan ya haɗa lissafin duka, ba za mu ga ƙarshen baɗi ba." Na ce, "To, karatun fa?" Ta ce, "Kawu, wa za a haifa kuma?"

Na juya na bar ta da wayarta. Yau da yamma motar da ke mayar da ɗalibai za ta tashi, kuma makaranta ta aiko cewa wadda ba ta koma a wannan zangon ba, za a ba wata gurbinta. Uwarta ta wanke mata kaya, ta goge, ta shirya akwati. Likita ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba. Ta dai yarda ta zo ta saurari kawunta, don kada a ce ta raina shi. Saboda haka, jama'a, da ku nake magana, amma kunne ɗaya nake nema.

Manya a cikinmu sun san ba yau aka fara jin irin wannan lissafi a ɗakin nan ba. Muna yara wani mai wa'azi ya sauka a wurinmu. Ba mu riƙe sunansa ba, Mai Zane muke ce masa, domin ya zo da wani dogon ƙyalle naɗe a jikin sanda, sai da mutum biyu suka ɗauko shi daga mota. Aka warware shi a bangon can na hagu, inda allon sanarwa yake yanzu. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma ina jin har in mutu ba zan gani ba. Ga dawakai, fari da ja da baƙi. Ga mala'iku da ƙahoni a baki. Ga wata dabba tana fitowa daga teku da kawuna barkatai, kowane kai da irin fushinsa. Mu yara har rabon kawunan muka yi, kowa da nasa, wanda ya sami mai karyayyen haƙori ya yi ta kuka.

Mai Zane yana da murya mai daɗi da 'yar sanda siririya. Yakan bi zanen daga wannan gefe zuwa wancan, yana haɗa wannan lamba da waccan, yana ragewa yana ƙarawa, har wata rana ya ɗora sandar a wuri ɗaya ya kira wata, ya kira rana, ya ce ran nan za a busa ƙahon ƙarshe. Ban yarda mayaudari ba ne. Na tambayi dattawa, domin a lokacin ban fara rubutu ba kuma ba na so in dogara da tunanin yaro. Duk sun ce mutumin yana kuka in yana wa'azi. Ina jin shi ne farkon wanda lissafin ya kama.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ku mamaki: ban taɓa ganin shekara mai daɗi kamar wannan ba. Tsanin da aka ara tun kafin a haife ni ya koma gidan mai shi. Mai ɗinki da matar direba, waɗanda ba sa ga maciji da juna, aka gan su suna tsefe wa juna kai. Ba a rufe ƙofa. Duk gidan da yamma ta same ka, nan za ka ci. Mawaƙa suna rera waƙa kamar maƙogwaronsu ba zai ƙara amfani ba, iyayenmu maza da ba su taɓa cewa "yi haƙuri" ba suka koyi faɗinta. In na rufe ido har yanzu ina jin ƙamshin sabulun da aka wanke fararen kayanmu da shi, suna shanye a kan igiya daga wannan gida zuwa wancan.

Babanmu, Allah ya ba shi hutawa, kafinta ne, kuma a shekarar aka ba shi aikin bencunan nan. Da can in zai haɗa benci, sai ya huda katako, ya shigar da ƙafa, ya sa gam, ya ɗaure, ya bar shi ya kwana. A shekarar ƙusa kawai ya buga. Mamarmu ta ce, "Malam, ina gam ɗin?" Ya ce, "Bencin 'yan watanni me zai yi da gam?" Duk wanda benci ya taɓa cizon cinyarsa a ɗakin nan, yau ya san dalili.

Yayata kuwa tana makarantar koyon jinya a wani gari. In ta zo hutu da farar rigarta da ɗan agogo maƙale a ƙirji, mu ƙannenta har faɗa muke a kan wa zai riƙe mata jaka. Ba wanda ya ce ta bar makaranta. Ita ce ta tattaro kayanta ta dawo, ta ce, "Ba na so ƙaho ya same ni a baƙon gari. Inda Mama take, nan zan tsaya." Ranar Lahadi aka kira ta gaba, a daidai inda nake tsaye, aka ce ga 'yar da ta zaɓi sama ta bar duniya. Muka tafa mata. Dukanmu muka tafa.

Ranar ta zo. Mai Zane ya riga ya wuce gaba, wai zai faɗakar da wasu garuruwa. Muka taru tun da safe cikin fararen kaya, muna waƙa muna duban taga. Rana ta take, muryoyi suka dushe, jarirai suka fara kuka. Can sai aka ji wata ƙara daga waje, doguwa. Wata tsohuwa da muke kira Kaka Mai Tabarau ta zube a kan gwiwa ta ɗaga hannu ta ce, "Ga ni, Ubangiji, ga ni!" Ashe mai burodi ne yake danna ham ɗin kekensa. Mamarmu ta miƙe ta gyara ɗankwali ta ce, "Bari in karɓo wa yaran nan, kada su je gaban Ubangiji suna kukan yunwa." Da la'asar mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. Washegari mai shago ya buɗe shago, direba ya tayar da mota, ba wanda ya ce da wani komai.

Babanmu bai taɓa yin maganar ba. Sai dai kowace Asabar yakan ɗauki gwangwanin gam ya zo nan shi kaɗai, ya kwance benci ɗaya ya sake haɗawa. Bai gama su ba ya rasu. Amma akwai abin da gam ba ya kamawa. Da Yaya ta koma makaranta, an riga an ba wata gurbinta. Ta yi ta zirga-zirga har ta gaji. Yau shekara da shekaru tana wanke zannuwan gadon asibiti, tana shanya fararen rigunan waɗansu. Ba ta taɓa zagin kowa ba, ba ta daina zuwa sujada ba, amma tun daga ranar ba ta ƙara buɗe littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki ba. Mu da muka tafa mata kuwa, ba wanda ya je ya ce mata, "Mun yi kuskure."

To, me ya same mu? Ba littafin ne ya ruɗe mu ba, mu ne ba mu san irin littafin da muke riƙe da shi ba. Ga abin da na iya jerawa.

Na farko, irin wannan rubutu sunansa wahayi, kuma littattafan Baba Fasto sun ce a harshen da aka fara rubuta shi, kalmar tana nufin yaye labule. Ba rufewa ba, buɗewa. Kuma ku duba wa aka yaye wa labulen. A Tsohon Alkawari, saurayi ne da aka kwashe daga ƙasarsu aka kai bauta, ya tsufa a fadar sarakunan da ba su san Allahnsa ba. A Sabon Alkawari, dattijo ne da aka kora zuwa wani tsibiri, yana rubuta wa ƙananan ikilisiyoyi da ake kama mutanensu, ake kashe waɗansu. Mutanen nan ba sa bukatar a tsorata su, tsoro a gidansu yake kwana. Abin da suke bukata shi ne wani ya ce musu: wanda kuke gani a kan gadon sarauta ba shi ne na ƙarshe ba, akwai wani kursiyi a bisansa. An rubuta wahayi don mai rawar jiki ya tsaya da ƙafarsa, ba don mai tsaye ya fara rawar jiki ba.

Na biyu, harshensa harshen hoto ne. Dabbobin nan da muka raba kawunansu, mala'ika da kansa ya bayyana wa annabin cewa mulkoki ne, masu tashi su tattake mutane su kuma faɗi. Ƙaho a kan dabba ƙarfi ne. Bakwai cika ce. Goma sha biyu jama'ar Allah ce. In uwa ta ce wa ɗanta, "Na faɗa maka sau dubu," ba wanda yake ɗauko alƙalami ya ce saura nawa. Amma mu mun ɗauki lambobin wahayi mun mai da su kalanda. Kowane zamani kuma sai ya nemo dabbarsa a cikin abin da bai saba da shi ba. Kakanninmu sun ce rediyo ce. Iyayenmu sun ce katin shaida ne. Yau ana cewa waya ce, kuma a cikin wayar ake faɗa.

A nan dole in yi hankali. Masu bi na ƙwarai, masu ilimi da tsoron Allah, sun sha bamban a kan yadda abubuwan za su bi juna, wanne ne ya riga ya faru, wanne ne yake gaba. Na karanta wannan na ce shi ne daidai, na karanta wancan na ce a'a, shi ne. Wannan kwalin ban iya buɗe shi ba, na bar wa malamanmu cikin makon nan.

Na uku, kuma a kansa ba ni da shakka ko kaɗan: ranar ba a hannunmu take ba. Ubangijinmu da bakinsa ya ce ba wanda ya san ta, ko mala'ikun sama. Zai dawo, wannan bangaskiyarmu ce, ba na rage mata komai. Amma da ya ba da misalin bawan kirki, bai ce wanda maigida ya tarar a bakin ƙofa yana kallon hanya ba, wanda ya tarar yana raba wa mutanen gida abinci a kan lokaci ya yaba. Da ya yi maganar yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa, ya ce kada mu firgita, ya kuma kwatanta su da farkon naƙuda. Ni namiji ne, a bakin ƙofar ɗakin haihuwa ilimina ya tsaya, ina kai da kawowa ina damun ma'aikata. Amma a ɗakin nan akwai wadda aka koya wa abin da ake yi in naƙuda ta fara. Ban ji an ce a lokacin ungozoma take tattara kayanta ta tafi gida ba. A lokacin take wanke hannu.

Na huɗu, sai a makon jiya na san shi. Na je gaishe da tsohon mai kula da majami'a, wanda ya taya Mai Zane rataye ƙyallen, ina so in tabbatar da launin dawakan. Muna cikin hira sai ya ce, "Ai ba ku ga ƙarshensa ba." Na ce, "Kamar yaya, Baba?" Ya ce, "Zanen ya fi bangon tsawo. Mun warware har muka kai kusurwa, sauran muka bar shi naɗe a sanda, muka jingine bayan ƙofa." Na ce, "Me ke cikin sauran?" Ya ce, "Birni ne, da kogi, da itatuwa. Ni kaɗai na gani, ranar da nake naɗewa."

Jama'a, watanni muka yi muna kallon dabba da wuta da ƙahoni, ƙarshen labarin yana jingine a bayan ƙofa domin bangonmu gajere ne. Ku je ku karanta surorin ƙarshe. Ba da toka littafin ya rufe ba. Ya rufe da birni yana saukowa, Allah yana zama tare da mutane, yana share musu hawaye da kansa; ba mutuwa, ba makoki. Ga kogi, ga itace a bakinsa, ganyensa kuma na warkar da al'ummai ne. Wanda ya shirya ganyen magani a birninsa, ban ga yadda zai yi fushi da yarinyar da ya tarar tana koyon jinya ba.

Iyakar abin da na rubuta ke nan. Abin da zan yi yanzu ba ya cikin takarda, shugaba ya gafarce ni.

Ina roƙon duk wanda ya sa fararen kaya a wannan rana, ya zauna a ɗakin nan yana jiran ƙaho, ya miƙe tsaye. Kada ku ji kunya, ni ma ga ni a tsaye. Mama mai ɗinki, na gode. Baba direba, a hankali, riƙe sandarka. Malamin makaranta, kai ma ashe kana ciki. Shugaba, har da kai? To, madalla.

Likita, ɗago kanki ki dube su. Dubi furfurar nan. Kowane ɗayansu ya tabbata a ransa ba zai ga wata shekara ba, kuma yawancin matasan da ke zaune kusa da ke bayan ranar aka haife su. Ke ma haka. Kin tambaye ni wa za a haifa kuma, na rasa amsa. Ke ce aka haifa.

Yaya, na ga kina ƙoƙarin tashi. Don Allah ki zauna. Yau ke ce za ki zauna, mu mu tsaya a gabanki. A nan muka tafa miki, a nan kuma ya kamata mu faɗa: mun yi kuskure, ke kika ɗauki nauyinsa ke kaɗai, muka yi shiru. Ki yafe mana. Ku faɗa da bakinku, jama'a, kada ku bar ni ni kaɗai.

Na gode. Ku zauna. A miƙa wa Yaya ruwa.

Na'am? Likita, ɗaga murya, kunnen kawunki ya fara tsufa. Jama'a, ga waɗanda ke baya da ba su ji ba: tambaya take, wai ƙarfe nawa motar take tashi. Baba direba ya ce in an yi sauri za a same ta. To, ashe sai in gajarta, wanda bai taɓa faruwa da ni ba.

Ubangiji ya albarkaci wannan mako na nazari, ya ba malamanmu hikima, ya ba mu kunnen ji. Ya tsare mu daga tsoron da ba daga gare shi yake ba, ya kuma tsare mu daga barcin da zai sa mu manta yana zuwa. Ya ta'azantar da waɗanda muka ɓata wa, ya ba tsofaffinmu ƙarfin gwiwa, ya ba 'ya'yanmu tsawon rai da aikin yi. Masu tafiya yau ya kai su lafiya, hannuwansu su zama na ceto. Ran da ya ga dama ya zo, ko da safe ko da rana, ya tarar da kowannenmu a bakin aikinsa. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Wani ya taimaka ya ɗauko akwatin Likita. Na gode.